Zama da Ambaliya a Fadamar Haɗeja da Nguru: Yadda Ruwa Ke Shiga da Yadda Ake Fitar da Shi

Gabatarwa

Kowace shekara, daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, mutanen da ke zaune a kwarin kogin Haɗeja da ido ɗaya suke barci. Daga Ringim da Taura, a bi ta Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa, har a dangana da Haɗeja da Kirikasamma da Guri, babu maganar da ta fi ta ruwa: ina ya kawo yau, kuma ina zai kai gobe? Wani abin mamaki shi ne, sau da yawa ruwan da kan cinye gonaki a waɗannan wurare a wani yanki mai nisa aka yi shi. Ana iya wayar gari rana tana haske ƙal, amma kogi yana ta hauhawa.

Duk da wannan haɗari, mutane ba su gudu sun bar wurin ba, domin ruwan da ke yi musu ɓarna shi ne kuma tushen arzikinsu. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilan da ke sa ruwa ya kwanta a ƙasa mai kwari, da yadda aikin ɗan'adam ya sauya halin kogin, da kuma dabarun fitar da ruwa daga gona da gari, tare da iyakar abin da kowace dabara za ta iya yi.

Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

Manyan koguna biyu ne ke shayar da wannan fadama. Na farko shi ne kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da kogin Calawa kafin a kai Wudil. Na biyu shi ne kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa Jihar Bauci. Kogunan nan biyu suna haɗuwa a kusa da Gashuwa, inda suka zama kogin Yobe, watau Komadugu Yobe. Shi kuwa yakan bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da yankin Difa na Jamhuriyar Nijar, sa'an nan ya faɗa Tafkin Cadi.

A tsaunukan Jos ruwan saman da ake samu a shekara yakan haura milimita 1,200, alhali kuwa a Nguru bai cika wuce milimita 500 ba. Ke nan akasarin ruwan fadamar baƙo ne, daga kudu da yamma yake zuwa. Domin a gane yawansa, sai a yi ɗan lissafi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita. A hekta ɗaya lita 10,000 ke nan. Idan kuwa aka yi ruwa milimita 100 a dare ɗaya, kamar yadda kan faru wani lokaci a watan Agusta, to kowane murabba'in kilomita ya karɓi lita miliyan 100. Wani kaso ƙasa za ta shanye, wani ya koma sama ya zama tururi, saura kuwa ya gangara rafuka ya nufi kogi. Da farkon damina ƙasa tana da ƙishi, saboda haka takan shanye mafi yawa. Amma in aka kai Agusta ta riga ta ƙoshi, sai kusan duk abin da ya zubo ya bi gangara.

Me Ya Sa Ruwa Ke Kwanciya a Nan?

Dalili na farko shi ne siffar ƙasar. Daga mafarinsu har zuwa wajajen Wudil, kogunan suna gudu ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa, kuma akwai gangara sosai. Daga nan kuwa sai su faɗo cikin kwarin Cadi, inda ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, yashi da laka suka taru shekaru aru-aru. Ruwan da ya taho a guje sai ya rage sauri. Da zarar ruwa ya rage sauri, ƙarfinsa na ɗaukar kaya ya ragu, sai ya sauke yashin da ya kwaso a tsakiyar hanyarsa. A hankali gindin kogi yakan cike, zurfinsa ya ragu.

Dalili na biyu shi ne tsofaffin tuddan yashi. A wani zamani mai nisa da ya shuɗe, lokacin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yanzu, iska ta tara yashi jeri-jeri, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Irin wannan ƙasa mai tudu da rairayi ita Bahaushe ke kira jigawa, kuma daga nan jihar ta samo sunanta. Kogi ba ya iya hawa tudu, saboda haka sai ya rarrabu ya bi kwaruruwan da ke tsakanin tuddan. Reshen Kafin Hausa yakan balle tun kafin a kai Haɗeja. Bayan an wuce Haɗeja kuma kogin ya sake rabuwa uku: mashigin Marma da ke zuwa tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon kogin Haɗeja.

Dalili na uku shi ne irin ƙasar da ke cikin kwarin. Ƙwayoyin yashi manya ne, akwai kafofi a tsakaninsu, ruwa yana wucewa nan da nan. Ƙwayoyin laka kuwa ƙanana ne ƙwarai, kuma in sun jiƙa sukan kumbura su toshe kafofin. Shi ya sa bayan an ɗauke ruwa jigawa kan bushe cikin sa'o'i kaɗan, amma fadama ta yi makonni da ruwa kwance.

Lissafin Abin da Kogi Zai Iya Ɗauka

Ambaliya tana faruwa ne idan ruwan da ya iso ya fi abin da hanyar kogi za ta iya wucewa da shi. Masana ilmin ruwa suna auna wannan ta hanyar ninka abubuwa uku: faɗin kogi, da zurfinsa, da saurin ruwan. Alal misali, a ɗauka wani mashigi yana da faɗin mita 50, da zurfin mita 2, ruwa kuma yana tafiyar rabin mita a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka 50 da 2 da rabi, za a sami 50. Watau mashigin yana wucewa da ruwa kubik mita 50 a daƙiƙa, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne.

To a ɗauka yashi ya cike rabin zurfin, saura mita 1, sa'an nan ciyawa ta tsiro a ciki ta rage saurin ruwan zuwa rubu'in mita a daƙiƙa. Yanzu lissafin ya koma 50 sau 1 sau rubu'i, watau 12.5 kacal. Mashigin da ido ke gani kamar bai sauya ba ya rasa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Ragowar ruwan ba zai ɓace ba, tilas ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. Wannan ɗan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar yawancin abin da ke faruwa a kwarin Haɗeja, inda a wasu wurare ruwan da a da yakan wuce salin-alin yanzu yake zama bala'i.

Alherin Ambaliya

Kafin a yi maganar ɓarna, ya kamata a san cewa rayuwar wannan yanki a kan ambaliya aka gina ta. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani sun daɗe da tsara shekararsu bisa hawa da saukar ruwa. Da damina akan shuka gero da dawa a tudu, shinkafa kuwa a kwari. Lokacin da ruwa ya fara janyewa, wajen Oktoba zuwa Disamba, manomi yakan bi bayansa yana shuka wake da sauran amfani a cikin danshin da ya bari, ba tare da ban-ruwa ba. Masunta sukan kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyayin da ruwa ya rufe, kuma bikin kamun kifi na Bade a Gogaram shaida ne a kan matsayin wannan sana'a. Da rani makiyaya sukan gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe.

Akwai kuma wani alheri da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta yakan tsuma a hankali ya shiga ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyi da burtsatse, har na garuruwan da ke nesa da kogi. Haka kuma lakar da ruwa ya bari taki ce ga gona. Bugu da ƙari, dubban tsuntsaye masu ƙaura daga Turai sukan ƙetaro Sahara su yi hunturu a wurare kamar Baturiya da Dagona. Saboda haka ne a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

A farkon shekarun 1990, wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun kwatanta amfanin da ake samu daga noma da su da itacen wuta a fadamar da wanda ake samu daga babban aikin ban-ruwa na kogin Kano. Sun gano cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, amfanin fadamar ya ninka na aikin ban-ruwan nesa ba kusa ba.

Madatsun Ruwa da Sauyin Halin Kogi

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sa'an nan a 1992 aka kammala madatsar Calawa kusa da Ƙaraye. Manufar ita ce a tara ruwan damina domin noman rani a wurare kamar Kadawa da Kura, da kuma samar wa birnin Kano ruwan sha. Babu shakka an ci wannan moriya. Amma kogin da ke ƙasa da madatsun ya sauya hali ta fuska biyu.

Ta fuska ta farko, ambaliyar da aka saba da ita ta ragu. A shekarun 1960 ruwa yakan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Da madatsar Tiga ta haɗu da farin 1983 da 1984, filin ya ragu ƙwarai da gaske. Mutane da suka ga wuraren da a da ruwa ke ci sun shekara da shekaru a bushe, sai suka yi gonaki a ciki, wasu ma suka gina gidaje. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ranar da damina ta yi ƙarfi sai ya dawo ya iske su.

Ta fuska ta biyu, kogin da a da yakan ƙafe da rani yanzu yana gudana duk shekara, saboda ruwan da ake saki domin ban-ruwa da sha. Wannan ɗan ruwa marar zurfi da ba ya yankewa shi ne ya buɗe ƙofa ga babbar matsalar yankin, watau ciyawar kacala.

Ya kamata kuma ɗalibi ya gane cewa madatsa tana kare mutanen ƙasa ne muddin akwai sauran wuri a cikinta. Idan ta cika, rarar ruwan tilas ta bi ta mafitar da aka gina domin haka, in ba haka ba ruwan ya bi ta kan bangon ya karya shi. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, da ta Alau kusa da Maiduguri a watan Satumba na 2024, sun nuna irin ta'asar da kan biyo baya idan bango ya gaza. Shi kuwa kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa, domin aikin ta Kafin Zaki da aka tsara bai kammalu ba. Saboda haka har yanzu yana kawo ambaliyarsa kamar yadda ya saba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga gare shi ne.

Kacala

Kacala doguwar ciyawa ce da kan fi tsawon mutum, tana da kai mai kama da zangarniyar gero. Tana yaɗuwa ta hanya biyu: ta ƙananan iri masu yawan gaske da iska ke ɗauka, da kuma ta saiwa mai rarrafe a cikin laka, wadda kan fitar da sababbin tsirrai. A da, bushewar rani da wuta da kiwo sukan hana ta sakat. Da ruwa ya daina yankewa, sai ta mamaye mashigai da gonakin shinkafa da wuraren su.

Illarta ga tafiyar ruwa ita ce wadda lissafin baya ya nuna. Tana rage saurin ruwa, ruwa marar sauri yana sauke yashi, yashi yana rage zurfi, rashin zurfi kuma yana ƙara wa kacala wurin tsiro. Ta haka ne Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja suka toshe ƙwarai daga shekarun 1990, ruwan ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu ƙauyuka ruwa ya yi musu yawa har gonakinsu suka zama tafki, wasu kuma da ke kan rassan da suka toshe suka rasa ruwan da za su yi noma da shi. Daɗin daɗawa, kacala mafaka ce ga tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa da gero, da sauro, da kuma ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Shekarun Ambaliya da Ma'anar Haɗari

Kwarin Haɗeja ya sha manyan ambaliyoyi, daga ciki akwai ta 2001 da ta 2010 da ta 2020. A 2012, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Injiniyoyi sukan yi maganar ambaliyar shekara ɗari, kuma mutane da yawa sukan fahimci kalmar a baibai. Suna zaton in ta zo bana, to sai bayan shekara ɗari kuma. Ainihin ma'anarta ita ce, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 a sami ambaliya mai wannan girma, ko da kuwa an yi irinta bara. Idan aka tara wannan yiwuwa ta tsawon shekara 30, watau kimanin rayuwar gida guda, za ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Ke nan mai gini a irin wannan wuri yana fuskantar haɗarin da ya ɗara ɗaya cikin huɗu. Ga kuma ɗumamar yanayi: iska mai ɗumi ta fi riƙe tururi, da kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos, saboda haka ruwa mai ƙarfi na lokaci guda yana ƙara yawaita a yankin Sahel. Lissafin da aka yi da alƙaluman da can yana iya raina haɗarin yau.

Abin da Kwantaccen Ruwa Ke Yi wa Gona da Gida

Saiwar shuka tana numfashi kamar yadda dabba ke yi, tana samun iskar oksijin daga kafofin da ke cikin ƙasa. Idan ruwa ya cika kafofin, saiwa takan shaƙe. Masara da gero da wake sukan yi ɗorawa su mutu cikin 'yan kwanaki. Shinkafa tana jurewa ne domin tana da wasu ƙananan hanyoyin iska a cikin kararta, masu kai iska daga ganye zuwa saiwa. Amma ita ma in ruwa ya shanye kanta gaba ɗaya na kwanaki da yawa, takan mutu.

A gonakin ban-ruwa kuwa, rashin magudana yana jawo wata cuta ta daban. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa da sama, zafin rana ya ja shi ya zama tururi, ya bar gishiri da kanwa a fuskar ƙasa. Shekara bisa shekara gonar takan yi fari-fari ta daina ba da amfani.

Ginin ƙasa ma ta gindi ruwa ke cin sa. Danshi yana hawa bango ta ƙananan kafofi kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, sai gindin ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyin da ke bisansa. Shi ya sa gidaje da yawa ke faɗuwa ko da ruwan bai kai gwiwa ba. Idan kuma ruwa ya haɗe masai da rijiya, cutar amai da gudawa ba ta da nisa.

Dabarun Fitar da Ruwa

Ƙa'idar farko ita ce ruwa ba ya tafiya sai wuri mafi kwari. Duk magudanar da ba ta da mafita, rami ce kawai. Saboda haka aikin magudana daga ƙarshe ake fara shi, watau daga inda ruwan zai zuba, a riƙa haƙowa baya. A gona, kunya tana ɗaga saiwa sama da ruwa, ƙananan kwatoci kuma su tattara ruwan kwarin kunya su kai shi babbar magudana. A gari, kwalbati mai ƙaramin baki yakan mai da titi ya zama madatsa, ruwa ya taru a gefe ɗaya. Tsofaffin kududdufai da aka haƙa domin ƙasar gini su ne ma'ajiyar ruwan unguwa, cike su a yi gini a kai yana tura ruwan cikin gidaje.

Jinga, watau bangon ƙasa da ake yi a bakin kogi, ita ce dabarar da aka fi sani. Idan ruwa ya matso, matasa sukan yi gayya dare da rana suna jera buhunan yashi, kuma sau da yawa wannan aiki ya ceci garuruwa. Amma jinga tana da sharuɗɗa. Tana bukatar faɗin gindi da daɓe mai kyau, da ciyawa a jikinta domin kada ruwa ya zaizaye ta, da kuma dubawa kafin damina saboda ramukan ɓeraye da gara. Haka kuma tana tare ruwan saman da ya zuba a cikin gari, sai an yi mata ƙofa mai buɗewa ta fuska ɗaya ko an sa injin zuƙe ruwa. Mafi muhimmanci, jinga ba ta rage yawan ruwa. Abin da ta hana shiga wannan gari zai tafi ƙetare ko garin da ke gaba, kuma wannan yakan haddasa rigima tsakanin maƙwabta.

Yashe mashigai da yanke kacala su ne ke mai da wa kogi ƙarfinsa. Idan aka yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, aka bar kututturen a nutse, iska ba ta isa ga saiwar, sai ta ruɓe. Yankan da aka yi a saman ruwa kuwa aski ne kawai, cikin makonni za ta dawo. Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, kuma ba zai ɗore ba sai an daidaita sakin ruwa daga madatsu yadda wasu mashigai za su riƙa bushewa da rani. Wannan ya wuce ƙarfin ƙauye ko jiha ɗaya, shi ya sa a 2006 jihohin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan.

Akwai kuma dabarun da ba su hana ruwa zuwa, amma suna rage asara: gina gida da rumbu a tudu, ɗaga harsashi da dutse ko siminti, ɗaga bakin rijiya, da zaɓen iri. A 2017 aka fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 a Nijeriya, waɗanda kan iya jure nutsewa har kimanin mako biyu. Tun da ruwan da aka yi a Kano ko Filato yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, akwai damar yin gargaɗi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya.

Darasi Daga Ƙasar Holan

Kimanin rubu'in ƙasar Holan yana ƙasa da doron teku, kuma mutanenta sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina jinga da zuƙe ruwa. Tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa na yankuna, inda masu gonaki ke haɗa kuɗi da aiki domin kula da jinga da magudana. Bayan ambaliyar teku ta 1953, wadda ta kashe mutum 1,836, suka gina manyan katangu a bakin teku. Amma a 1995 kogunansu suka cika har aka kwashe mutum wajen 250,000 domin tsoron ɓallewar jinga. Daga nan suka gane cewa ƙara wa bango tsawo yana da iyaka. Daga 2007 suka shiga wani shiri na ba kogi fili: a wurare fiye da 30 aka ja jinga baya, ko aka haƙa rassa, ko aka ware filayen da ruwa zai malala in ya yi yawa. Fadamar Haɗeja tana da irin wannan fili tun asali. Abin da ake bukata shi ne a kiyaye shi kada gini da toshewa su cinye shi.

Abin da Makaranta Za Ta Iya Yi

Malamin kimiyya ko na labarin ƙasa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada domin koyar da wannan darasi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a auna ruwan sama kowace safiya. Gwangwanaye biyu da aka fasa gindinsu, a kafa ɗaya a jigawa ɗaya a fadama, a zuba musu ruwa daidai wa daida a duba agogo, za su nuna bambancin yashi da laka. Ɗalibai suna iya tambayar dattawa iyakar inda ruwa ya kai a manyan shekarun ambaliya, su sa alama a jikin itatuwa, su zana taswirar garinsu mai nuna tudu da kwari da hanyar fita. Ya kamata kuma kowane yaro ya san cewa ruwa mai gudu wanda bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babban mutum, kuma cika kwalekwale fiye da ƙima yana cikin abubuwan da ke jawo asarar rayuka a lokacin ambaliya.

Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa ambaliya a kwarin Haɗeja tana da sanadi da za a iya aunawa: yawan ruwan da ya zuba a sama, da shimfiɗar ƙasa, da yashi da kacala da suka rage ƙarfin mashigai, da yadda ake sakin ruwa daga madatsu, da kuma inda mutane suka zaɓi su yi gini. Ba za a iya hana ta gaba ɗaya ba, kuma da za a hana, da an rasa shinkafa da kifi da kiwo da ruwan rijiya, tun daga Haɗeja har gonakin tattasai na Difa. Abin da ke hannun mutane shi ne yashe mashigai da gyaran jinga tun da rani, da barin hanyar ruwa a buɗe, da shawara tsakanin na sama da na ƙasa, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗaliban sakandare na yau su ne injiniyoyi da malaman gona da shugabannin da wannan aiki zai koma hannunsu nan da 'yan shekaru.